Nazariyyar Oppenheim da tsohuwar rigimar Einstein da kwantam: me ya sa ta tada ƙura?

Ranar 4 ga Disambar 2023 wasu maƙaloli biyu suka fito lokaci guda, ɗaya a mujallar Physical Review X, ɗayar a Nature Communications. Jagoran aikin shi ne Jonathan Oppenheim, farfesan fiziks a jami'ar UCL da ke Landan. Kafin a kwana biyu manyan jaridu sun ɗauka, kanun labarai suna shelar an samo nazariyyar da za ta sasanta Einstein da kimiyyar kwantam, rigimar da ta doshi shekara ɗari ba a kashe ta ba. A cikin labarin har da wata caca da Oppenheim ya ƙulla da manyan masana biyu, Carlo Rovelli da Geoff Penington. Su biyun sun yarda su ba da 5,000 idan shi ya yi gaskiya, shi kuwa ya ba da 1 kacal idan su suka yi gaskiya. Abin da aka sa ƙananan kaya ne marasa tsada, domin manufar ita ce kowa ya nuna wa duniya iyakar yaƙininsa. Kuma yaƙinin nasu a fili yake: sun tabbata abokin nasu ya kauce hanya.

Ina cikin waɗanda wannan aiki ya faranta wa rai, ko da yake zatona mafi ƙarfi shi ne nazariyyar ba za ta tsira a yadda take ba. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ta nuna da yatsa inda za a soke ta ta mutu, kuma wurin bai fi ƙarfin ɗakin gwaji ba. A wannan fage na neman dokar da za ta haɗe dukkan ƙarfin da ke tafiyar da halitta, irin wannan hali ya yi ƙaranci matuƙa.

Sai mun fahimci rigimar kafin mu gane sulhun. Fiziks na zamani yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu. Na farko nazariyyar da Einstein ya kammala a 1915 game da girabiti, wato ƙarfin da ke dawo da dutse ƙasa idan an jefa shi sama, yake kuma riƙe wata kada ya kuɓuce wa duniya. Einstein ya ce duk abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, abubuwa kuma suna bin wannan lanƙwasa ne, shi ne muke ji a matsayin nauyi. An fara gwada maganar lokacin husufin rana na 29 ga Mayun 1919, a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, da kuma garin Sobral a Barazil. Aka ga hasken taurari ya karkace da ya wuce kusa da rana, gwargwadon yadda ya ƙiyasta. Yau ma wayar da ke hannunka tana cin moriyar wannan lissafi. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna riga na ƙasa gudu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma da ba a gyara wannan bambanci ba, da taswirar waya ta riƙa kuskuren kilomita kusan 10 a yini.

Ginshiƙi na biyu kimiyyar kwantam ce, wadda ta tsaya da ƙafafunta a tsakanin 1925 da 1927. Ita ke bayanin ƙwayoyin zarra da abin da ke cikinsu, da haske, da lantarki. Daga gare ta aka samu taransista da leza da farantin sola da na'urar hoton MRI ta asibiti. Akwai ma'aunin da lissafinta ya dace da gwaji har zuwa lamba ta goma bayan ɗigo. Ƙarfi uku daga cikin huɗun da aka sani, wato na lantarki da maganaɗisu, da ƙarfi mai tsanani da ke ɗaure cibiyar zarra, da ƙarfi mai rauni da ke sa wasu ƙwayoyi rikiɗa, duk sun shiga ƙarƙashinta lafiya lau. Girabiti kaɗai ya ƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wata ɗabi'a ta kwantam. Ƙwaya ɗaya, kamar ilektiron, tana iya kasancewa a wuri biyu lokaci guda matuƙar babu abin da ya gano inda take. Wannan ba zancen baki ba ne. Idan aka harba ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya zuwa bango mai tsaga biyu, sai su zana layi-layi na haske da duhu a allon da ke baya, zanen da ba zai yiwu ba sai idan kowace ƙwaya ta bi ta tsagogin biyu tare. Da zarar an sa na'urar da za ta gano tsagar da ta bi, sai zanen ya ɓace. To, ƙwayar nan tana da nauyi, komai ƙanƙantarsa. Bisa maganar Einstein dole ta lanƙwasa sarari. A ina za ta lanƙwasa shi, a tsagar dama ko ta hagu? Lissafin Einstein yana neman a ba shi wuri guda tabbatacce, kwantam kuwa ta ce babu wuri guda.

Amsar da kusan kowa ya rungume ita ce a shigar da girabiti shi ma cikin kwantam, sarari da lokaci su ma su iya kasancewa a hali biyu lokaci guda. Wani matashin masani na Tarayyar Sobiyet, Matvei Bronstein, ya fara zurfafa bincike a kan haka a 1936, ya kuma hango cewa aikin zai tilasta a sake tunanin ma'anar sarari da lokaci daga tushe. Gwamnatin Stalin ta kashe shi a 1938 yana ɗan shekara 31. Duk lokacin da na tuna da shi sai in ji zafin abin da ilimi ya yi asara. Bayansa aka gwada dabarar da ta yi aiki a kan lantarki, sai lissafin ya riƙa haifar da adadi mara iyaka da ba a iya sharewa, kuma a tsakiyar shekarun 1980 Marc Goroff da Augusto Sagnotti suka tabbatar da cewa wannan hanya a toshe take. Daga nan manyan mazhabobi biyu suka mamaye fagen. Ɗaya ta ce asalin komai wasu 'yan tsirkiyoyi ne masu kaɗawa, ita ce mazhabar Penington. Ɗayar ta ce sararin kansa saƙa ce ta ƙananan madaukai, ita ce ta Rovelli. Sun saɓa a kusan komai, amma sun haɗu a kan cewa girabiti na kwantam ne. Shi ya sa suka tsaya gefe guda a cacar.

Matsalar mazhabobin biyu ita ce gwaji. Girabiti rauni gare shi ƙwarai. Ɗan maganaɗisun da ke cikin lasifikar rediyo yana ɗaga ƙusa, alhali duniya gaba ɗayanta tana jan ƙusar ƙasa. Tsakanin furoton, ƙwayar da ke cibiyar zarra, da ilektiron, jan lantarki ya ninka na girabiti sau adadin da za a rubuta 1 a bi shi da sifili 39. Domin a ga ɗabi'ar kwantam ta girabiti ta hanyar karo da ƙwayoyi, ana bukatar ƙarfin da ya ninka na babbar na'urar LHC da ke Jeniba sau kusan miliyan dubu har miliyan, ita kuwa LHC zagayenta kilomita 27 ne. Babu gwamnatin da za ta gina irin wannan. Haka aka shafe shekaru fiye da 40 ana tara lissafi mai ban sha'awa, ba tare da halitta ta samu damar cewa i ko a'a ba.

Me ya sa ba a yi tunanin barin girabiti yadda Einstein ya bar shi ba? An yi, amma akwai hujjar da ta rufe ƙofar. Richard Feynman ya kawo ta a wani taro a Chapel Hill da ke Amurka a 1957, wasu suka faɗaɗa ta daga baya. Idan girabiti ba na kwantam ba ne, to yana da hali guda tabbatacce a kowane lokaci, kuma a ƙa'ida ana iya auna shi da kowace irin ƙwarewa ba tare da an taɓa shi ba. Ke nan mai aunawa zai duba inda sarari ya lanƙwasa ya san tsagar da ƙwaya ta bi. Sanin haka kuwa yana share zanen layi-layin nan. Amma muna ganin zanen a ɗakin gwaji kullum. Saboda haka, in ji hujjar, girabiti ba zai zama mai hali guda ba. Wata dabarar kuma ta ce sarari ya lanƙwasa a tsaka-tsaki, rabi nan rabi can. Don Page da C. D. Geilker suka gwada wannan a 1981: suka bar rikiɗar ƙwayoyin zarra ta zaɓi inda za a ajiye wasu dunƙulen darma, sai ma'auninsu ya bi inda darmar take a zahiri, bai tsaya a tsakiya ba.

A nan ne Oppenheim ya shigo, kuma ya shigo ne daga wani fanni dabam. Shi masanin yadda bayani ke gudana a tsarin kwantam ne, ɗalibin Bill Unruh a Kanada. Ya lura cewa hujjar Feynman ta ɗora kanta a kan wani zato da ba a furta ba: cewa ƙwaya tana lanƙwasa sarari ta hanya ɗaya tak, wadda za a iya karantawa a koma baya a gano inda take. Idan kuwa sarari da lokaci suna da wata rawa ta kansu, wadda ba ta da tsari kuma ba a iya hasashenta, fa?

Mai bin sawu a daji ya san wannan. Idan dabba ta iso mararraba bayan an ɗauke ruwa, ƙasa da danshi, sawunta zai fito sarai, ba ta da wurin ɓuya. Idan kuwa a kan rairayi ne ana iskar hunturu, dabbar ta taka, sawun ya zauna, amma iska tana ta motsa rairayin har ba za a bambance sawu da tarkacen iska ba. Sai ya daɗe yana dubawa kafin ya yanke hukunci. Haka Oppenheim ya ce girabiti yake. Ƙwaya tana barin alamarta a sarari, amma rawar sararin tana dagula alamar, don haka ƙwayar tana iya ci gaba da zamanta a wuri biyu na wani lokaci. Kuma tsawon lokacin da dabba za ta ɓuya ya danganta da ƙarfin iskar: ɓuya mai tsawo tana bukatar iska mai ƙarfi.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma ita ce maƙala ta biyu, wadda ya rubuta tare da Carlo Sparaciari da Barbara Šoda da Zachary Weller-Davies, ta tabbatar da lissafi. Sun nuna cewa duk wata nazariyya mai irin wannan gini, wadda ta bar girabiti da hali guda ta kuma haɗa shi da kwantam, dole ta biya ɗayan farashi biyu. Ko dai sarari ya kasance a natse, sai ƙwayoyi su rasa ikon zama a wuri biyu cikin gaggawa. Ko kuma ƙwayoyi su daɗe a wuri biyu, sai sarari ya yi rawa mai yawa. Ba za a samu natsuwa da daɗewa tare ba. Kyan abin shi ne kowane ɓangare ana iya auna shi. Masu gwajin tsaga biyu suna ta ƙara girman abin da suke sa wa zama a wuri biyu da tsawon lokacin da yake yi, kuma duk nasarar da suka samu tana ɗaga mafi ƙarancin rawar da nazariyyar ke bukata. Masu auna nauyi kuwa suna ta ƙara ƙwarewa, kuma duk lokacin da suka ga nauyi a tsaye cak, suna rage mafi yawan rawar da za a yarda da ita. Bango biyu ne ke matsowa. Ran da suka haɗu ba a ga komai ba, nazariyyar ta mutu. Tun a maƙalar ma marubutan sun faɗa da bakinsu cewa ma'aunan da ake da su sun riga sun kashe wasu sassauƙan nau'o'inta.

Misalin da suka bayar na gwajin yana da daɗin ji. A garin Sèvres, kusa da Paris, akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe na filatinam da iridiyam, tsayinsa milimita 39, faɗinsa ma haka, a ajiye cikin murafun gilashi. Daga 1889 zuwa Mayun 2019 shi ne kilo ɗaya na duniya, da shi ake gwada kowane kilo. Idan sarari yana rawa, nauyin irin wannan dunƙule zai riƙa ɗan hawa da sauka a kan sikeli, ba don ƙura ko zafi ko girgizar ƙasa ba, sai don jan da duniya ke yi masa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wahalar ita ce raba wannan motsi da sauran abubuwa dubu da ke motsa sikeli. Amma wahala ce irin ta masu sana'a, wadda haƙuri da kyan kayan aiki ke magancewa. Tun 1798 Henry Cavendish ya auna jan da ke tsakanin dunƙulen darma da sanda mai rataye a siririyar waya, kuma jikokin na'urarsa ne ake amfani da su yau.

Farashin da nazariyyar ke nema ba ƙarami ba ne, kuma masu sukarta ba don hassada suke yi ba. A kimiyyar kwantam yadda aka san ta, bayani ba ya ɓacewa. Ko takarda ka ƙona, a ƙa'ida abin da ke rubuce yana nan warwatse cikin hayaƙi da toka da zafi. A tsarin Oppenheim bayani yana ɓacewa da gaske, har abada. Shi yana ganin wannan alheri ne, domin tun 1976 Stephen Hawking ya yi iƙirarin cewa abin da ya faɗa baƙin rami, wato wurin da girabiti ya yi ƙarfi har haske ma ba ya iya fita, bayaninsa ya tafi ke nan, masana kuma suka shafe shekaru suna neman hanyar ceto shi. Idan ɓacewar halal ce a dokar halitta, rigimar ta ƙare. Sai dai a 1984 Tom Banks da Leonard Susskind da Michael Peskin sun kawo hujjar cewa duk dokar da ta bar bayani ya ɓace tana iya karya wata doka mafi tsufa, ta cewa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Rawar da ba ta tsayawa tana iya zuba zafi a cikin komai. An yi ta mayar da martani a kan wannan hujja, Unruh ma yana cikin masu martanin, amma har yau tana cikin manyan tambayoyin da ake jefa wa Oppenheim. Akwai kuma tambayar ko tsarin zai mutunta dukkan daidaiton da lissafin Einstein ya ginu a kai. Sannan ya kamata a faɗa cewa tunanin bai faro daga kansa ba. Lajos Diósi na ƙasar Hangari ya rubuta lissafin haɗa tsari mai hali guda da na kwantam tun shekarun 1990, shi Oppenheim ma ya fara fitar da daftarinsa a 2018, shekara biyar kafin jaridu su ji labari.

Wanda ya san tarihin fagen nan dole ya yi taka-tsantsan da murna. A farkon 1929 aka ji Einstein da kansa ya kammala nazariyyar da ta haɗe girabiti da lantarki. 'Yan jarida suka yi dafifi a ƙofar gidansa a Balin, kwafin maƙalar mai shafi shida suka ƙare nan take, wani babban kanti a Landan ya manna shafukan a tagarsa jama'a suna tsayawa kallon lissafin da ba su fahimta. Cikin 'yan shekaru shi da kansa ya watsar da ita. Ya ci gaba da nema har ya rasu a 1955, takardun lissafi a gefen gadonsa na asibiti. A 1980 Hawking ya yi lacca a Kambirij yana tambaya ko ƙarshen fiziks na nazari ya kusa, yana kyautata zaton za a gama kafin ƙarni ya ƙare.

Wanda ya fi kama da zamaninmu shi ne Garrett Lisi. A Nuwambar 2007 ya saki maƙala yana cewa dukkan ƙwayoyi da ƙarfi huɗun suna zaune cikin wani tsarin lissafi guda mai suna E8, mai fuska 248. Zanen tsarin yana da kyan gani, shi kuma Lisi ba ya aiki a kowace jami'a, yana zaune a Hawai yana wasan hawa igiyar ruwa. Labari ya haɗu: ga kyau, ga bare da ya zo ya kunyata manya. Jaridu suka yi ta yayatawa. Amma halitta tana da wata ɗabi'a da aka gano tun gwajin Chien-Shiung Wu na 1956 zuwa 1957, cewa ƙarfi mai rauni yana bambanta hagu da dama. Jacques Distler da Skip Garibaldi suka tabbatar da lissafi, a maƙalar da aka buga a 2010, cewa ba za a cusa ƙwayoyin da muka sani cikin E8 ta wannan hanya a kiyaye wannan bambanci ba. Jaridun da suka yi shelar haihuwa kaɗan ne suka kawo labarin rasuwa.

Akwai mutuwar da nake girmamawa. A 1974 Howard Georgi da Sheldon Glashow suka kawo nazariyyar SU(5), wadda ta haɗe ƙarfi uku cikin tsari ɗaya mai sauƙi. Ta yi hasashen cewa furoton, wanda ake ɗauka dawwamamme, yana rubewa a hankali. Aka ɗauki maganar da muhimmanci. Aka haƙa tankunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a mahaƙar gishiri a jihar Ohayo, ɗaya a mahaƙar Kamioka a Japan, aka jera na'urorin gano haske a bango ana jiran walƙiyar furoton guda da zai mutu. Ba a gani ba. Magajin tankin Japan, Super-Kamiokande, mai ɗauke da tan 50,000 na tsabtataccen ruwa, yana kallo tun 1996, ya kuma nuna cewa idan ma furoton yana rubewa ta hanyar da aka fi zato, rayuwarsa ta wuce shekaru 1 mai sifili 34. Sassauƙar SU(5) ta faɗi. Amma tankunan da aka gina dominta su ne suka kama niyutirino, wasu ƙwayoyi marasa caji masu wuyar kamawa, daga tauraron da ya fashe a 1987, daga baya kuma suka nuna cewa niyutirino yana da nauyi, aikin da ya jawo kyautar Nobel har sau biyu, a 2002 da 2015. Nazariyyar da ta faɗi ƙarya a fili ta fi amfani ga ilimi a kan wadda ba ta faɗi abin da za a kama ta da shi ba.

Haɗewar da ta yi nasara ma ta wannan ƙofa ta bi. Maxwell ya haɗe lantarki da maganaɗisu da haske a 1865, Hertz ya samar da igiyoyin da lissafin ya yi alkawari bayan shekara 20 da 'yan kai, daga nan rediyo ta samo asali. Steven Weinberg a 1967 da Abdus Salam na Pakistan a 1968, bisa harsashin da Glashow ya aza, suka haɗe lantarki da ƙarfi mai rauni, suka ce a nemi wasu ƙwayoyi masu nauyi, W da Z. Aka same su a cibiyar binciken ƙwayoyi ta CERN da ke Jeniba a 1983, da nauyin da aka yi hasashe. Salam, wanda ya karɓi Nobel a 1979, shi ne ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa su samu inda za su yi bincike ba tare da sun yi ƙaura ba, kuma malaman fiziks da yawa daga jami'o'in Afirka sun ratsa ta can.

Da wannan ma'auni nake duba Oppenheim, kuma da shi ne nake ganin inda ya yi gaggawa. A farkon 2024 shi da ɗalibinsa Andrea Russo suka fitar da wani daftari suna cewa rawar sarari tana iya bayanin yadda taurarin gefen gungun taurari ke gudu fiye da ƙima, ba tare da an bukaci wani ɓoyayyen abu mai nauyi da masana ke zaton ya ninka abin da muke gani sau biyar ba. Jaridu suka sake ɗauka. Cikin 'yan makonni Mark Hertzberg da Avi Loeb suka fito da suka mai ƙarfi a kan lissafin. Hujjojin samuwar ɓoyayyen abun ba daga gudun taurari kaɗai suka zo ba. Akwai tsohon hasken farkon halitta, akwai yadda gungu ke karkatar da hasken da ke bayansa, kuma duk mai son kore shi sai ya amsa su duka. A ganina wannan iƙirari ya rage wa aikin farko kwarjini, domin ƙarfinsa yana cikin ƙanƙantar abin da ya yi alkawari da kuma tsananin yadda za a bincike shi.

Akwai gwaji na biyu da zai iya yanke hukunci daga ɗaya gefen. A 2017 ƙungiyoyi biyu, ta Sougato Bose da abokansa, da ta Chiara Marletto da Vlatko Vedral, suka ba da shawara iri ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba. A ɗauki ƙananan abubuwa biyu, a sa kowanne a wuri biyu lokaci guda, a kusanto da su, a toshe duk wata hulɗa tsakaninsu in ban da girabiti. Idan suka sarƙe irin sarƙewar kwantam, wadda halin ɗaya ke ɗaure da na ɗayan, to girabiti ya ɗauki saƙon kwantam daga wannan zuwa wancan, abin da mai hali guda bai kamata ya iya ba. Masana suna ta muhawara kan ko wannan kaɗai ya isa hujja yankakkiya, amma mafi yawansu sun yarda zai zama mummunan labari ga Oppenheim, kuma zai zama karo na farko da Rovelli da Penington za su samu shaidar gwaji a kan abin da suka ɗauka tabbas.

Tazarar da ta rage tana da girma, kuma a birnin Biyana na Ostiriya ake iya ganin bakinta biyu. A 2021 ƙungiyar Markus Aspelmeyer ta auna jan girabiti tsakanin 'yan ƙwallayen zinariya biyu, kowanne faɗinsa milimita 2, nauyinsa kusan miligiram 90. Sai da suka riƙa tace girgizar motoci da taragon birni daga ma'auninsu, sakamako mafi kyau kuma a tsakar dare da lokacin hutun Kirsimeti suka same shi. A 2019 kuma ƙungiyar Markus Arndt, a jami'ar Biyana, ta sa dunƙulen zarra kusan 2,000 ya bi hanya biyu lokaci guda. Ƙwallon zinariyar ya fi wannan dunƙule nauyi sau kusan 1 mai sifili 18. Ɗaya ƙungiyar tana saukowa, ɗayar tana hawa, kuma shawarar Bose tana bukatar su haɗu a wajen ƙwayar lu'ulu'u mai faɗin kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita, a riƙe ta a wuri biyu na 'yan daƙiƙoƙi cikin sanyi da rashin iska kusan cikakku. Masu aikin da kansu suna maganar shekaru goma ko ashirin ko fiye. Gwajin sikeli na Oppenheim yana iya riga wannan kammaluwa, domin na'urorinsa suna nan, ƙwarewa kawai ake ƙara musu.